Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da Hakkin Mai Sana'a

Wannan Juma'a za mu waiwayi Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ɗan Shehu Usmanu, Allah Ya jiƙansa. An haife shi a 1781, shi ya gina birnin Sakkwato a 1809, ya karɓi ragamar mulki a 1817 bayan rasuwar Shehu. Ya rasu a 1837, kabarinsa na Wurno.

Da yawanmu mun san shi da malanta da jarumta, amma ya bar mana darasi babba a kan neman abinci. Ya rubuta littafi mai suna Tanbihus Sahib a kan hukunce-hukuncen sana'a, yana kwaɗaitar da Musulmi su ci guminsu, su guji zaman banza. Ya kuma rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje littafin Usulus Siyasa. A ciki ya nuna cewa aikin shugaba ne ya kula da manoma, maƙera, marina, maɗinka, mahauta da masassaƙa, ya ga kowane gari ya samu nasa. Ya gyara kasuwanni da hanyoyi, ya sa talakawa su noma abinci su adana saboda gobe.

Bai tsaya ga rubutu ba. Ya kakkafa garuruwan ribaɗi irin su Wurno, ya zaunar da makiyaya, aka haɗa musu kiwo da noma da karatu. Manufarsa ita ce dukiya ta riƙa zagayawa a hannun masu aiki, kowane gida da abin yinsa.

To, mu nan Keffi ai maganar ta shafe mu, don Abdu Zanga da ya kafa garin nan daga ƙasar Katsina ya fito, kuma yawancinmu fatauci ne ya kawo mu. Yau ga tsadar hatsi, ga bashin kuɗin ruwa yana cinye jarin ƙananan 'yan kasuwa, ga samari a bakin tasha ba aikin yi. Mai hali ya ɗauki yaro guda ya koya masa sana'a, in ya ƙware ya sallame shi da jari. Mai neman rance a ba shi babu ruwa. A riƙe adashi da amana, a cika mudu, a fitar da zakka kan lokaci, kada a ɓoye hatsi ana jiran ya yi tsada.

Allah Ya sa wa kasuwarmu albarka, Ya ciyar da iyalanmu da halal. Amin.