Nettie Stevens, wadda ta gano asalin haihuwar namiji ko mace

Ya kai mai karatu, ko a Kona kake ko Tasawa ko Mayahi, ba ka rasa sanin matar da aka yi wa gori, ko ma kishiya, don ta jera ƴaƴa mata. Ga labarin wadda bincikenta ya wanke irin wannan mata.

An haifi Nettie Stevens a Amurka a 1861. Ta daɗe tana koyarwa tana tara kuɗi, sai da ta kai shekara 35 ta shiga jami'ar Stanford. A 1903 ta samu digirin dakta a kwalejin Bryn Mawr.

A 1905 ta duba wata tsutsa mai cin gari da madubin ƙara girma. Cikin ƙwayoyin jikin halitta akwai wasu ƴan zaruruwa masu ɗauke da gadon iyaye, ana ce musu kuromozom. Na macen tsutsar 20 ne, duk manya. Na namijin 19 manya, ɗaya ƙarami. Ƙwan mace manya kaɗai yake ɗauka. Maniyyin namiji kuwa iri biyu ne, mai ƙaramin da marar shi, kuma idan mai ƙaramin ya haɗu da ƙwai, namiji za a samu.

Daga baya an tabbatar haka abin yake ga ɗan Adam. Bambancin daga wajen uba yake zuwa, shi ma ba da zaɓinsa ba.

Ciwon dajin nono ya yi ajalinta a 1912, tana da shekara 50. Kwalejin ta tanadar mata kujerar bincike, amma ba ta kai ga hawanta ba.