Tanimu ɗan Sulaiman, sarkin da ya kewaye Damagaram da ganuwa

Duk wanda ya taso daga Matamaye ya nufi Damagaram don kallon hawan salla, ƙofar fadar sarki a unguwar Birni yake nufa. Sunan da aka fi dangantawa da wannan fada da ganuwar birnin shi ne na Sarki Tanimu ɗan Sulaiman.

Sau biyu Tanimu ya hau gadon sarauta. A 1841 ya karɓi mulki daga ɗan'uwansa Ibrahim, amma bayan shekara biyu Ibrahim ya dawo. Sai a 1851 sarautar ta zauna a hannun Tanimu, ya riƙe ta har rasuwarsa a 1884.

A lokacin Damagaram tana biyan gaisuwa ga Shehun Barno. Tanimu bai yanke wannan igiya ba, sai dai ya tara ƙarfin da ya sa ba a iya juya shi yadda ake so. Ya sa aka gina ganuwar ƙasa mai tsawo da kauri kewaye da Birni, ya sayo bindigogi ta hannun fataken Turabulus, maƙeransa kuma suna zuba igwa suna haɗa albarushi a cikin gari. A ƙarnin ne ikon Damagaram ya kai ƙasar Kance, inda Matamaye take.

Kuɗin wannan aiki ba daga fata da gashin jimina kaɗai suka fito ba. Bayi ne babbar hajar da ake turawa arewa ta Sahara, yawancinsu kuwa mutanen ƙauyukan da dakarunsa suka kai wa hari ne. Ba kasafai masu zagayawa da baƙi suke tsayawa kan wannan ɓangare ba.

Shekara 15 bayan rasuwarsa, a 1899, sojojin Faransa suka shiga birnin. Yau ganuwar ta zube, sai 'yan guntaye tsakanin gidaje da duwatsun Birni. Fadar kuwa tana nan, sarki na zaune a ciki, dogarai da jajayen riguna na tsaron ƙofa. Tun 2006 Nijar ta sa Birni da fadar cikin jerin wuraren da take fatan UNESCO ta amince da su a matsayin kayan tarihin duniya, amma kowace damina ruwa na ƙara cin abin da ya rage na ginin ƙasar.