Philippa Fawcett, Yarinyar Da Ta Wuce Zakaran Lissafi

Kowace makaranta tana da hanyar da ta ke girmama ɗalibin da ya yi fice. Wata ta ba shi littafi, wata ta rubuta sunansa a allo ta rataye a ɗakin taro, jami'a kuwa ta ba shi digiri mai daraja ta ɗaya, ta sa masa riga da hula a gaban jama'a. Amfanin wannan al'ada a fili ya ke. Wanda ya yi ƙoƙari ya ga ladan wahalarsa, na baya kuma su yi sha'awa su ɗaura ɗamara. To, amma yaya ke nan in ɗalibi ya ci, kowa ya shaida ya ci, sa'an nan dokar makaranta ta ce ba shi za a ba girman ba? An taɓa yin haka a Jami'ar Kambirij ta ƙasar Ingila cikin 1890, ga wata yarinya mai suna Philippa Fawcett. Ga labarinta.

Asalinta

An haife ta ran 4 ga Afrilu, 1868, ita kaɗai ce kuwa wurin iyayenta. Ubanta, Henry Fawcett, makaho ne. Yana da shekara 25 aka yi tsautsayi wurin farauta, harbi ya same shi a idanu, ya rasa ganinsa duka. Amma makanta ba ta zaunar da shi ba. A 1863 ya zama shaihun malami na ilmin tattalin arziki a Kambirij, a 1865 aka zaɓe shi wakili a Majalisar Dokoki, a 1880 kuma aka ba shi shugabancin gidajen waya na ƙasar. Uwarta, Millicent, ita ce ta daɗe tana jagorancin matan Ingila masu neman a ba su ikon jefa ƙuri'a, tana kuma cikin waɗanda suka kafa Kwalejin Newnham domin 'yan mata a Kambirij a 1871. Yayar uwarta kuwa, Elizabeth Garrett Anderson, ita ce mace ta farko da ta sami takardar likita a Ingila, a 1865. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Philippa tana da shekara 16 ubanta ya rasu. Ta yi karatu a makarantar 'yan mata ta Clapham a Landan, sa'an nan ta halarci darussan lissafi a kwalejoji biyu na birnin. A 1887 ta sami taimakon kuɗin karatu, ta shiga Newnham.

Jarrabawar da ta fi kowace wuya

A wannan zamani babu jarrabawar da Turawan Ingila su ke ganin girmanta kamar ta lissafi ta Kambirij. A kan shafe kwanaki a jere ana rubutu safe da yamma, tambayoyi kuwa kullum sai ƙara wuya su ke yi. In an gama, sai a jera sunayen waɗanda suka ci bisa ga makinsu, tun daga na ɗaya har na ƙarshe, a kasa su daraja uku. 'Yan daraja ta ɗaya su a ke kira Rangila, watau masu gardama, domin a dā can da baki a ke gwada ɗalibai, ana ja-in-ja. Na farkonsu shi ne Babban Rangila, mu ce Zakaran Lissafi. Jaridu su kan buga sunansa, garinsu a yi biki, hanyar babban aiki kuma ta buɗe masa. John Couch Adams, wanda ya gano da lissafi inda tauraron nan Neftun ya ke tun ba a hango shi ba, shi ne zakaran 1843. Wanda ya zo kurar baya kuwa, abokansa su kan miƙa masa ƙaton cokalin katako don ba'a.

Mata fa? Ba su cikin lissafi. Likitoci da malamai da yawa na wannan zamani suna cewa ƙwaƙwalwar mace ba ta iya ɗaukar ilmi mai zurfi, wai in ta matsa sai lafiyarta ta lalace. Ko waɗanda suka yarda mace ta koyi harsuna da tarihi, sun ɗauka lissafi na maza ne kaɗai. A 1880 wata mai suna Charlotte Scott ta roƙa aka bar ta ta rubuta jarrabawar, makinta ya zo daidai da na Rangila na takwas, amma ba a karanta sunanta ba. Kukan da aka yi a kan wannan ya sa a 1881 jami'a ta yarda mata su riƙa shiga jarrabawa. Sai dai sunayensu a takarda dabam, a faɗi tsakanin namiji na nawa da na nawa kowace ta faɗa, a ba ta takardar shaida. Digiri kuwa babu.

Philippa ta san idanu suna kanta. In ta faɗi, a ce ai dā ma an faɗa. In ta yi rashin lafiya, a ce karatu ne ya kashe ta. Saboda haka ta tsara wa kanta zama mai ƙa'ida. Ba ta raba dare tana karatu kamar yadda samari masu neman zakaranci su ke yi. Wajen awa shida ta ke yi kowace rana, ta fita wasan hoki, ta kwanta da wuri. Malamin da ya horar da ita, Ernest Hobson, yana cikin gwanayen Kambirij. Haka ta yi shekara uku, ba gaggawa, ba fashi.

Ranar wanka

Ran 7 ga Yuni, 1890, babban ɗakin Majalisar Jami'a ya cika maƙil. Aka karanta sunayen maza, aka ce Geoffrey Bennett shi ne Zakaran Lissafi na bana. Da aka zo kan takardar mata, samari suka yi ta ihu, da ƙyar a ke jin mai karatu. Can sai ya kira sunan Philippa, ya ce matsayinta yana bisa na zakaran. Wuri ya ruɗe da sowa. Makinta ya ɗara na Bennett da wajen kashi 13 cikin ɗari. Da dare 'yan Newnham suka ɗauke ta a kafaɗa, suka hura babbar wuta a filin wasa, waya kuma ta kai labari ƙasashe masu nisa.

Duk da haka, a littafin jami'a Bennett ne zakara. Shi ya sa riga ya karɓi digiri, ita kuwa takardar shaida aka ba ta. Bennett ba shi da laifi cikin wannan. Mutum ne mai ilmi, ya kuwa zama malami sananne a Kwalejin Emmanuel. Laifin na doka ne. Da shekara ta kewayo Philippa ta shiga kashi na biyu na jarrabawar, ta sāke samun daraja ta ɗaya, don kada wani ya ce sa'a ce.

Aikinta

Ba ta tsaya jayayya a kan girman da aka hana ta ba. Ta yi bincike a kan motsin abubuwa cikin ruwa, aka buga shi a mujallar masana lissafi, sa'an nan ta yi shekara 10 tana koyarwa a Newnham. A 1901, ana cikin yaƙin Ingilishi da Bowa, ta raka uwarta Afirka ta Kudu, inda gwamnati ta aike ta duba sansanonin da aka tsare mata da yara. Abin da ta gani na rashin makarantu ya tsaya mata a rai. A 1902 ta koma can, ta zama malama a makarantar horon malamai ta Johannasbag, ta kuma taimaka wajen tsara makarantun ƙasar Taransibal, ko da ya ke makarantun gwamnati na can a lokacin galibi na 'ya'yan Turawa ne.

A 1905 Hukumar Birnin Landan ta kira ta aiki a ofishin ilmi. Nan ta zauna har ta huta a 1934, ta kai matsayin da ba safai mace ta ke kaiwa ba a wancan zamani. Aikinta shi ne faɗaɗa makarantun sakandare da samar musu malamai. A zamaninta aka buɗe kwalejojin horon malamai na Avery Hill da Furzedown. A zamaninta kuma, cikin 1932, babbar kwalejin horon malamai ta hukumar ta koma hannun Jami'ar Landan, ta zama Cibiyar Ilmin Koyarwa. Wannan gida ba baƙo ba ne gare mu. Can Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya tafi ƙaro ilmi a 1945, Malam Aminu Kano kuma ya bi baya a 1946.

Digirin da bai zo ba

Kambirij ba ta sauko da wuri ba. A 1897 aka jefa ƙuri'a a kan ba mata digiri, mutum 1,713 suka ƙi, 662 suka yarda. Tsakanin 1904 da 1907 Kwalejin Trinity ta Dabulin, a ƙasar Ailan, ta yarda ta ba da nata digiri ga matan da suka ci jarrabawar Kambirij ko Okusfod. Mata wajen 700 suka shiga jirgin ruwa suka haye suka karɓo, Philippa tana cikinsu. Ku duba fa, wadda ta wuce zakaran Kambirij sai da ta ƙetare teku kafin ta sa rigar digiri! Okusfod ta buɗe ƙofa a 1920. Kambirij ta sāke ƙi a 1921, ta ce ta ba mata sunan digiri kawai, ban da zama 'yan jami'a. Sai a ƙarshen 1947 ta yarda, Sarki ya sa hannu a 1948. Philippa ta ji labari tana tsohuwa mai shekara 80, ta rasu ran 10 ga Yuni na wannan shekara, 'yan makonni bayan an tabbatar da dokar. Shekara 58 ke nan daga ranar da aka karanta sunanta. Daga baya aka sa wa wata kwalejin horon malamai ta kudancin Landan sunanta.

Abin da za mu ɗauka

Mu da a ke shirya mu domin riƙon aji, gobe mu ne masu jan biro, mu ne masu jera sunaye. Abu na fari, girma ya bi aiki. In malami ya duba fuskar yaro kafin ya duba takardarsa, ya ce wannan ɗan wane ne, wannan kuwa mace ce ina za ta kai karatu, to, ya maimaita kuskuren Kambirij a ɗan ƙaramin ajinsa. Yara kuwa suna gani, ba su kuma mantawa. Hana Philippa digiri bai rage ko maki ɗaya cikin nata ba. Jami'ar ce ta kwashi kunya.

Na biyu, jerin sunaye ba shi ne iyakar ilmi ba. James Clerk Maxwell, wanda bincikensa ya share hanyar rediyo, na biyu ya zo a 1854. Kambirij da kanta ta ga tseren ya sa ɗalibai suna haddar dabarun cin jarrabawa maimakon fahimta, daga 1909 ba ta ƙara buga jerin nan na ɗaya bayan ɗaya ba, cokalin katako ma ya tafi tare da shi. Saboda haka mu yabi na ɗaya, amma kada mu karya zuciyar na goma.

Na uku, wanda ya ci kyauta ya ɗauki bashi. Philippa ta yi fice rana ɗaya, ta yi shekara fiye da 40 tana biya a aji da ofis, dubban yara suka sami makaranta da malamai ta hannunta. Duk wanda aka kira sunansa cikinmu ranar ba da kyaututtuka, ya tambayi kansa yara nawa za su ƙaru da shi. Wanda ba a kira ba kuwa, ko da ya cancanta, kada ya ajiye alli. Aiki mai kyau ba ya ɓuya, ko an daɗe sai an faɗi sunan mai shi.