Edith Cavell: Ma'aikaciyar Jinya A Tsakanin Maƙiya Biyu

An haifi Edith Cavell ran 4 ga Disamba, 1865, a ƙauyen Swardeston na ƙasar Ingila, inda mahaifinta yake limamin Ikilisiyar Angilikan. Jinyar wannan mahaifi nata da ta yi a 1895 ita ce ta karkato da zuciyarta ga aikin asibiti. Ta sami horo a Landan, a 1897 kuwa tana cikin waɗanda aka aika garin Maidstone sa'ad da annobar taifot ta ɓarke.

A shekarar 1907 aka kira ta ƙasar Beljiyam ta shugabanci sabuwar makarantar koyon jinya a birnin Brussels. Mace ce mai tsanani a kan tsabta da kiyaye lokaci.

Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya tashi a 1914, tana hutu wurin mahaifiyarta, amma ta koma bakin aiki. Jamusawa suka mamaye Brussels, asibitinta ya shiga ƙarƙashin ƙungiyar agaji ta Red Cross. Ta umarci ɗalibanta su kula da kowane mai rauni, Bajamushe ne ko ɗan Beljiyam, ba tare da bambanci ba.

Sai dai ba ta tsaya nan ba. Sojojin Ingila da na Faransa da suka ɓace wa rundunarsu suka riƙa neman mafaka, ita kuwa ta ɓoye su, ta taimaki kimanin 200 suka tsallaka zuwa Holan. A nan ne lamirinta da ka'idar aikinta suka rabu, gama tutar Red Cross ba ta ɗaukar ɓangare, kuma waɗansu da ta cece su sun sake ɗaukar bindiga. Masu cewa ta ƙetare iyaka suna da hujja. A ganinmu dai, da wuya mai jinya ta warkar da mutum sa'an nan ta miƙa shi ga masu farautarsa.

An kama ta a watan Agusta, 1915. Ba ta yi musun abin da ta aikata ba, ko da yake ta san hukuncinsa. Daren ƙarshe ta karɓi Jibin Ubangiji daga hannun Rabaran Stirling Gahan, ta kuma shaida masa ba ta riƙe kowa a zuciya ba. Da asuba, ran 12 ga Oktoba, 1915, aka harbe ta, tana da shekara 49. A 1919 aka mai da gawarta gida, aka binne ta a harabar babbar majami'ar Norwich.