William Herschel, Makaɗin da Ya Auna Sama

An haifi William Herschel a birnin Hanoba ta ƙasar Jamus a shekara ta 1738. Ubansa mabushi ne a rundunar soja, shi ma ya gaji sana'ar. A 1757 ya ƙaura zuwa Ingila, daga baya ya zama makaɗin coci a garin Bath.

Amma zuciyarsa tana ga taurari. Da yake ba shi da kuɗin sayen babban madubin hangen nesa, sai ya shiga ƙera nasa da hannunsa, ƙanwarsa Caroline tana taimakonsa. A 1781 ya gano duniyar Yuranus, Sarki Joji na Uku ya yanka masa fam 200 a shekara, ya bar kiɗa.

A ganina, aikinsa mafi ban mamaki shi ne wanda ya biyo baya. Kowa ya san farin zanen nan mai kamar hayaƙi da ke ratsa sama in babu wata. Taurari ne birjik, rana tamu ma ɗaya ce daga cikinsu. To, yaya wanda ke cikin garke zai san siffar garken? Herschel ya ɗauka cewa taurarin a warwatse suke daidai wa daida. In haka ne, inda ya ga sun yi yawa, garken ya yi zurfi ke nan ta wannan fuska. Inda suka yi kaɗan, bakinsa na kusa. Ya ƙidaya su ta fuskoki 683, yana faɗa daga kan tsani cikin sanyi, Caroline tana rubutawa. A 1785 ya fito da zanen garken, shimfiɗaɗɗe kamar faifai mai kauri, rana kusa da tsakiyarsa.

Ya dace a kan faifan, amma ya kuskure mazaunin rana. Akwai ƙura tsakanin taurari wadda ke tare hasken na nesa, kamar yadda hazo ke sa matafiyi ya ga iyakar ganinsa ɗaya ce ta kowace fuska. Sai a 1918 Harlow Shapley ya nuna cewa rana tana can gefe. Yanzu an san tsakaninta da tsakiyar garken tafiyar haske ce ta wajen shekara 26,000.

Herschel ya rasu a garin Slough a 1822, yana da shekara 83.