Muhammadu al-Katsinawi: Malamin Ɗan Ranko da ya koyar da malaman Masar ilimin hatimi

A shekarar 1741, wadda ta yi daidai da 1154 bayan Hijira, wani malami baƙo ya rasu a birnin Alƙahira, a gidan Shehu Hasan al-Jabarti, ɗaya daga cikin manyan malaman Azhar na wancan zamani. Sunansa Muhammadu ɗan Muhammadu, Bafillace daga ƙasar Katsina, abin da ya sa Larabawa ke kiransa al-Fulani al-Kashnawi. Cikin laƙubban da aka adana masa akwai wanda ke danganta shi da Ɗan Ranko, tsohon gari a kudancin ƙasar Katsina, yankin da a yau ya ƙunshi Malumfashi da Karfi.

A wancan lokaci yankin bai tsaya ga noma kaɗai ba. Ayarin fatake masu safarar goro daga Gwanja suna ratsa shi, kuma duk inda fatauci ya zauna, malamai da littattafai kan biyo baya. 'Yandoto, kusa da Tsafe, ta yi suna wajen karatu, shi kuwa birnin Katsina bai daɗe da rabuwa da Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani ba. Cikin wannan yanayi Muhammadu ya tashi.

Neman ilimi ya kai shi gabas. Cikin malamansa ana lissafa Shehu Muhammadu al-Wali na Bagarmi, a ƙasar Chadi ta yanzu, da kuma Shehu Muhammadu Bindu, wanda a wurinsa ya samu ilimin haruffa da na wafaƙi, wato abin da Hausawa suka fi sani da hatimi. Wajen shekarar 1730 ya tafi aikin Hajji, ya ɗan zauna a Hijaz, daga nan ya zarce Masar, inda ya ƙare rayuwarsa.

Hatimi gidaje ne da ake jerawa a murabba'i, a cika su da lambobi ta yadda kowane layi, a tsaye ko a kwance ko a karkace, zai ba da jimla ɗaya. Mafi ƙanƙanta shi ne mai gida tara: ana zuba 1 zuwa 9, a sa 5 a tsakiya, kowane layi ya tashi 15. Lambobin kusurwoyinsa, 2 da 4 da 6 da 8, su ne a lissafin abjadi suke ba da kalmar Buduhu da malaman zaure suka sani. Mai gida 25 yana ba da 65, mai gida 49 kuma 175. Gwanintar al-Katsinawi ita ce bayyana ƙa'idojin cika irin waɗannan hatimai masu layuka mara, komai girmansu, ba tare da lalube ba. Wannan ya zuba a littafinsa Bahjat al-Afaƙ na shekarar 1732, wanda akwai kwafinsa na rubutun hannu a Landan.

Sai dai shi bai ɗauki lambobin a matsayin wasan ƙwaƙwalwa ba. A wurinsa, kamar yadda yake a wurin Ahmad al-Buni da ya gabace shi da ƙarnuka biyar, kowane harafi yana da nauyi na lissafi da kuma asiri mai alaƙa da sunayen Allah da tafiyar taurari. Wannan fahimta ba ta Musulmi kaɗai ba ce a lokacin. Malaman Yahudawa masu ilimin Kabbala, irin su Ishaƙ Luriya, wanda ya girma a Masar ya rasu a garin Safad a 1572, su ma sun yi ta ƙididdige haruffan Ibrananci suna neman ma'anar ɓoye. Babban littafin al-Katsinawi na biyu, Al-Durr al-Manzum, ya shiga fagen taurari da ɗalasimai, yana bin sawun wani littafi da ake jingina wa Fakhruddin al-Razi. Ya kuma yi rubutu a kan nahawu da manɗiƙi, shaidar cewa cikakken malami ne, ba mai fanni ɗaya ba.

Darajarsa a Masar ta fito fili daga yadda ya cika. Hasan al-Jabarti, wanda shi kansa masanin falaki da lissafi ne, ya ɗauki ilimin wafaƙi a wurinsa, ya sauke shi a gidansa, kuma gare shi marigayin ya bar wasiyyar littattafansa. Ɗan Hasan, Abdurrahman al-Jabarti, an haife shi ne fiye da shekara goma bayan rasuwar baƙon, amma ya sa tarihinsa cikin shahararren littafinsa Aja'ib al-Asar. Ta wannan hanya ce mafi yawan labarinsa ya iso ga na baya.

Gadonsa ya rabu gida biyu. Masana tarihin lissafi, tun bayan da Claudia Zaslavsky ta yi bayaninsa a littafinta na 1973 kan ƙidaya a Afirka, suna ambatonsa a matsayin hujjar cewa an yi zurfi a ilimin lambobi a ƙasar Hausa tun kafin zuwan Turawa. A ɗaya gefen, malamai da yawa, na da da na yanzu, suna ganin duba da ɗalasimai sun saɓa wa shari'a, don haka suke nesanta kansu da wannan ɓangare na aikinsa. Wanda ya ɗauki lissafin ya ɓoye asirin bai faɗi gaskiyar mutumin ba, haka ma wanda ya kira shi ɗan tsibbu ya yi shiru a kan ƙa'idojin da ya tsara.

Abin da ya rage shi ne na gida. Ɗan makarantar sakandare a Funtuwa ko Malumfashi yana haddace sunayen masanan Girka, amma da wuya ya ji cewa ƙasar da iyayensa ke noma masara da auduga a kanta ta taɓa fitar da malamin da Alƙahira ta zauna gabansa. Tsofaffin littattafan rubutun hannu da ke jibge cikin gafakoki a zaurukan malamai, waɗanda gara da damina ke ci a hankali, daga irin wannan makaranta suka fito. Adana su da karanta su shi ne hakkin da al-Katsinawi ke bin mutanen ƙasarsa.