George Robledo: Ɗan Chile da ya fito daga ramin kwal ya ci wa Newcastle Kofin FA

A yau 'yan wasan Kudancin Amurka sun cika Gasar Firimiya, amma shekara 70 da suka wuce da wuya ka ga ɗaya a filayen Ingila. Cikin waɗanda suka fara share wannan hanya akwai George Robledo, wanda mutanen Chile ke kira Jorge.

An haife shi ranar 14 ga Afrilun 1926 a Iquique, wani birnin gaɓar teku a arewacin Chile. Mahaifinsa ɗan ƙasar ne, mahaifiyarsa kuma Baturiyar Ingila. A 1932 uwar ta kwashe 'ya'yanta maza uku ta koma yankin Yorkshire ba tare da mijin ba. A can George ya tashi, ya yi aiki a mahaƙar kwal kamar sauran samarin yankin, kafin Barnsley ta ɗauke shi a matsayin ɗan wasan gaba.

Da Newcastle United ta neme shi a 1949, sai ya kafe cewa ba inda za shi sai da ƙaninsa Ted. Dole ƙungiyar ta sayi su biyun.

Shekara guda bayan haka Chile ta kira shi Gasar Kofin Duniya ta 1950 a Brazil, alhali ko Sifaniyanci, harshen ƙasar haihuwarsa, ba ya ji. Wasansu na farko kuwa da Ingila ne, ƙasar da ta raine shi, aka ci su 2-0. Daga baya ya zura ƙwallo a wasan da suka doke Amurka 5-2.

Tauraruwarsa ta fi haskawa a Newcastle, inda ya haɗa gaba da Jackie Milburn. Sun ɗauki Kofin FA a 1951 bayan doke Blackpool. A kakar 1951/52 ya ci ƙwallo 33 a babbar gasar Ingila, babu wanda ya kai shi. Sannan a wasan ƙarshe na Kofin FA na 1952, saura 'yan mintuna a tashi, ya sa ƙwallo da ka a ragar Arsenal, aka tashi 1-0. Wani yaro ɗan shekara 11 a Liverpool ya zana hoton wannan ƙwallo. Yaron shi ne mawaƙi John Lennon, kuma zanen ya fito a bangon faifansa na 1974.

A lokacin dokar ƙwallon Ingila ta ƙayyade albashin ɗan wasa komai ƙwarewarsa. A 1953 George da Ted suka koma Chile, ƙungiyar Colo-Colo ta birnin Santiago. Nan ma bai huta ba: ya fi kowa cin ƙwallo a 1953 da 1954, ya kuma lashe gasar ƙasar a 1953 da 1956. A O'Higgins ya rataye takalminsa.

Ƙanin da ya ƙi rabuwa da shi ne ya riga shi tafiya. A 1970 Ted ya ɓace daga wani jirgin dakon mai a teku kusa da Dubai, ba a kuma ga gawarsa ba.

George ya ƙarasa rayuwarsa yana kula da wasanni a wata makaranta a Viña del Mar. A nan ciwon zuciya ya yi ajalinsa ranar 1 ga Afrilun 1989, saura kwana 13 ya cika shekara 63.